Yadda za ka gwada ƙarfin Kotun Ƙolin Najeriya da ta Amurka ba tare da shaci-faɗi ba

Duk ranar da Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci mai zafi a Abuja sai ka ji musu ya kaure a majalisu da guruf-guruf na WhatsApp, wani ya ce ai a Amurka ba za a taɓa yin haka ba, wani ya ce kai rabu da su, tamu ma ta fi tasu ƙarfi tunda tana sauke gwamna ta ɗora wani. Kowannensu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, matsalar dai kowa da mudun da yake awo da shi. To wannan rubutun na yi shi ne saboda ƙannenmu masu karatun lauya a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da masu kimiyyar siyasa a Jami'ar Jihar Kaduna wato KASU, da ma duk wanda yake so in ya buɗe baki kan wannan magana ya zama yana da madafa. Na ɗauki Najeriya da Amurka ne saboda tsarin shugaba mai cikakken iko da muka shiga a 1979 daga can aka kwaikwayo shi, amma tambayoyin za su yi maka aiki ko waɗanne ƙasashe biyu ka ɗauko.

Da farko dai ka bar jarida tukuna, ka je ga tushe. Sauke kundin tsarin mulkin 1999 a wayarka, ka karanta sashe na 230 zuwa na 236, nan ne aka kafa kotun aka zayyana huruminta, sai ka haɗa da sashe na 1, da na 4, da na 6, da na 287. Na Amurka kuma babi na uku na kundinsu za ka nema, gajere ne sosai, minti biyar ya ishe ka. Abin da za ka fara nema a ciki shi ne: wa ya ba kotun ikon soke dokar da majalisa ta yi? A namu a fili yake, sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da tsarin mulki ta ɓaci gwargwadon saɓawarta, sashe na 4 kuma ya hana majalisa yin dokar da za ta ƙwace wa kotu huruminta. A na Amurka kuwa za ka duba sama da ƙasa ba za ka ga inda aka rubuta wannan iko ƙarara ba. Kotun ce da kanta ta tabbatar wa kanta shi a 1803, a shari'ar Marbury da Madison, ƙarƙashin alƙalin alƙalai John Marshall, kuma tun daga lokacin ya zauna daram sama da shekara 200.

Kar ka yi saurin cewa to ai mun ci su kenan tunda namu a rubuce yake. Waiwaya baya kaɗan. A 1970 Kotun Ƙolinmu ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum ta hanyar doka ba tare da shari'a ba, ba a rufa wata guda ba gwamnatin Gowon ta fito da dokar soja mai lamba 28 ta shafe hukuncin ta kuma ce dokar soja tana sama da komai. Don haka in kana gwadawa ka riƙa tambaya: ikon nan shekara nawa ya yi yana aiki ba tare da an katse shi ba? Kotunmu ta zama ta ƙarshe ne a 1963 da muka zama jamhuriya aka daina kai ƙara Landan, kuma kusan shekara talatin daga cikin rayuwarta a ƙarƙashin soja ta yi su.

Daga nan sai ka duba ƙofar da shari'a take bi ta shiga, kuma ni a ganina nan ne mafi yawan masu musu suke tuntuɓe. Kotun Ƙolin Amurka ita take zaɓar abin da za ta saurara. Dubban ƙararraki ake kai mata duk shekara, sai alƙalai huɗu cikin taran sun amince kafin a saurari ɗaya, kuma a 'yan shekarun nan wajen 60 zuwa 70 kawai take saurara a shekara, sauran duk ta ce a tsaya kan hukuncin kotun ƙasa, ba ma sai ta faɗi dalili ba. Bayan haka akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, in magana ta dokar jiha ce zalla, misali rikicin fili ko gado ko kwangila da bai taɓa dokar tarayya ko tsarin mulkin ƙasa ba, to kotun ƙolin wannan jihar ce ke da maganar ƙarshe, ta Washington ba ruwanta.

Mu kuma fa? Ɗauki rikicin gado a Rigasa, gida ɗaya 'yan'uwa sun kasa daidaitawa. A fara daga kotun shari'ar Musulunci, a je babbar kotun shari'a, a wuce kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha inda su Grand Kadi suke, daga nan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya reshen Kaduna, in wanda aka kayar yana da kuɗin lauya da taurin kai sai ga fayil ɗin a Abuja. Sashe na 233 ya ba mutum haƙƙin ɗaukaka ƙara kai tsaye ba sai ya nemi izini ba in dai ƙorafinsa kan fassarar doka ne, ko fassarar tsarin mulki, ko haƙƙin ɗan'adam, ko hukuncin kisa. Shi ya sa ma sashe na 288 ya ce a tabbatar cikin alƙalan akwai masana shari'ar Musulunci da masana dokar gargajiya, domin irin waɗannan shari'o'in suna isa can. Kenan ta fuskar faɗin hurumi tamu ta fi tasu nesa ba kusa ba. Amma wallahi wannan faɗin shi ne yake cinye ta. Alƙalan da ya kamata su zauna su yi dogon nazari kan manyan tambayoyin ƙasa su ne kuma suke fama da rikicin gona da na sarauta da na bashin banki, shari'a ta yi shekara goma ko fiye tana jiran layi, wani lokaci wanda ya shigar da ƙarar ya riga mu gidan gaskiya 'ya'yansa ne za su karɓi hukunci. Don haka in ka zo rubuta sakamakonka ka raba abu biyu, yawan abin da kotu take iya taɓawa daban, ikon ta ce wannan ba zan saurara ba shi ma daban, kuma na biyun ƙarfi ne babba.

Ka lura kuma da yadda suke zama. A Amurka duka taran suke zama kan kowace shari'a. A nan kundin ya yarda da alƙalin alƙalai da wasu da ba su wuce 21 ba, amma biyar-biyar suke zama, in maganar tsarin mulki ce ko rikici tsakanin gwamnatoci sai bakwai, kuma alƙalin alƙalai ne yake tsara wa zai zauna kan wace shari'a. Wannan yana rage cunkoso, sai dai shi ne kuma yake sa wani lokaci lauyoyi su zo da hukunci biyu na kotu ɗaya kowanne ya kalli gabas ɗinsa.

Sai maganar zaɓe, wadda ita ce ta fi jan hankalinmu. A nan babu tantama, kotunmu tana yin abin da ta Amurka ba ta saba yi ba. Tun 1979 aka fara gani, lokacin da Awolowo ya ƙalubalanci nasarar Shagari aka shiga lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19 da ake buƙatar ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a cikinsu, kotu ta tsaya kan 12 da biyu bisa uku, ƙuri'un Kano suka raba gardama. A 2007 ta ce Rotimi Amaechi ne gwamnan Ribas alhali sunansa bai fito a matsayin ɗan takara ranar zaɓe ba, dalilinta shi ne ya ci zaɓen fid da gwani jam'iyya ta sauya shi ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayun 2019 ta zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya a Zamfara saboda ba su yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, Bello Matawalle ya hau. A Janairun 2020 ta sauke Emeka Ihedioha a Imo ta ba Hope Uzodinma wanda INEC ta ce shi ya zo na huɗu, wata guda bayan nan ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe rantsuwa saboda takardun mataimakinsa. Sannan Janairun 2024 ta tabbatar da Abba Kabir Yusuf a Kano bayan kotuna biyu na ƙasa sun ce ya sauka, duk wanda yake Arewa ya san yadda aka kwana ana jiran wannan hukunci.

Wanda za ka ajiye kusa da waɗannan a Amurka shi ne shari'ar Bush da Gore ta Disambar 2000 kan zaɓen shugaban ƙasa, inda tazarar ƙuri'a 537 ce a Florida, kotu da rinjayen biyar da huɗu ta tsayar da sake ƙirga ƙuri'u. Ka lura ba ta ce wane ne ya ci ba, ƙirga ta tsayar, duk da kowa ya san abin da hakan yake nufi, kuma har yau ana yi mata gori a kai. To abin da nake so ka tambayi kanka a nan: kotun da take naɗa gwamna, ƙarfi ne ya yi mata yawa ko kuwa sauran hukumomi ne suka gaza aka jibga mata kayansu? Ni dai na fi karkata ga na biyu. Da jam'iyyu suna zaɓen fid da gwani na gaskiya, da hukumar zaɓe tana fitar da sakamakon da kowa zai yarda da shi, da rabin waɗannan shari'o'in ba su je Abuja ba. Kuma duk hukuncin zaɓe ɗaya rabin jiha ne suke komawa gida suna zagin alƙalai, mutuncin kotun ne yake zagwanyewa a hankali, wannan abin yana damuna ƙwarai. Ƙaramin bayani don kar a kama ka a musu: shari'ar zaɓen sanata da ɗan majalisa a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa, ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce take kaiwa Kotun Ƙoli.

Abu na gaba, nemo wuraren da kotu take cewa nan ba hurumina ba ne. Mu 'yan Kaduna muna da misali a gida. Da majalisar jiha ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981 an je kotu, kotu ta ce kundin 1979 ya hana ta tsoma baki a harkar tsigewa, magana ta mutu a nan. Amma da aka tsige Rashidi Ladoja na Oyo a 2006, Kotun Ƙoli ta ce tana da ikon duba ko an bi matakan da tsarin mulki ya shimfiɗa, ta ga ba a bi ba, ya koma kujerarsa. A Amurka kuwa a 1993 kotunsu ta ce yadda majalisar dattawa take gudanar da shari'ar tsigewa harka ce ta siyasa, ba za ta shiga ba. Ka ga a wannan gaɓar tamu ta fi kutsawa. Sai dai ita ma akwai inda aka ɗaure mata hannu, babi na biyu na kundinmu ya yi maganar ilimi kyauta da kula da lafiya da walwalar jama'a, amma sashe na 6 ya ce ba za ka kai gwamnati kotu kan wannan babin ba.

Yanzu juya ka dubi alƙalan kansu, wa ya kawo su, har yaushe za su zauna, wa zai iya korar su. A Amurka shugaban ƙasa ya zaɓi wanda ya ga dama, majalisar dattawa ta amince, shi kenan har mutuwa ko ya ajiye da kansa. Clarence Thomas tun 1991 yake kan kujera, John Roberts tun 2005 yake shugabantar kotun. Alƙali ɗaya tak aka taɓa gurfanarwa don tsigewa, Samuel Chase, shi ma majalisar dattawa ta wanke shi a 1805. Adadin tara ɗin ma ba kundi ne ya faɗa ba, dokar majalisa ce tun 1869, kuma da shugaba Roosevelt ya nemi ƙara yawansu a 1937 don ya samu masu goya masa baya 'yan jam'iyyarsa ma ba su bi shi ba. Illar tsarinsu ita ce kowa ya san wane alƙalin na wane ɓangare ne tun kafin ya zauna. A namu sai ka yi shekara 15 da zama lauya, majalisar shari'a ta ƙasa wato NJC ta ba da sunanka, shugaban ƙasa ya naɗa, sanatoci su amince, kana cika shekara 70 kuma ritaya dole. Da yake yawanci sai mutum ya manyanta yake isa can, 'yan shekaru kaɗan yake yi, irin su marigayi Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya da ya shiga a 1979 ya fita a 2006 ba su da yawa. Ka kuma lura alƙalin alƙalai shi ne shugaban NJC kuma shi yake naɗa mafi yawan mambobinta, abin da Mai shari'a Musa Dattijo Muhammad ya fito fili ya soka a jawabinsa na bankwana a 2023. Wajen korar alƙalin alƙalai kundi ya ce sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun nema, amma a Janairun 2019 ana saura makonni zaɓe aka dakatar da Walter Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata ba tare da an bi ta majalisa ba. Wannan ka rubuta shi da babban baƙi a gwajinka, domin alƙalin da ya ga an yi wa shugabansa haka ba sai an yi masa barazana ba.

Maganar wa zai iya warware hukunci ba ta da tsawo. A duka ƙasashen kotun tana iya sauya matsayinta a wata shari'a ta gaba, kamar yadda ta Amurka ta yi a 2022 ta rushe hukuncinta na 1973 kan zubar da ciki. In ba haka ba sai gyaran tsarin mulki, a can sai jihohi 38 cikin 50 sun yarda, a nan majalisun jihohi 24 cikin 36. Nasu ya fi wuya, don haka in kotunsu ta fassara kundi maganar takan daɗe a zaune.

To sai babbar tambaya, wadda in lokacinka kaɗan ne ka bar sauran ka riƙe ta: in kotu ta yi magana, ana bi? Kotu ba ta da soja ba ta da ɗan sanda ba ta riƙe baitulmali. Kuma a nan ba sai mun je nesa ba, mun gani da idonmu a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Ka tuna layin ATM tun kafin asuba, mutum ya rubuta lamba a hannu ya wuni ya dawo ba ko sisi, masu POS suna yankar kaso mai tsoka kafin su ba ka kuɗinka, mai kayan miya a Kasuwar Barci ta ƙi karɓar tsohuwar ɗari biyar ga shi ba ta da asusun da za ka tura mata. Jihar Kaduna ce tare da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kai tsaye, suna dogaro da sashe na 232 wanda ya ba kotun hurumin sauraron rikici tsakanin jiha da tarayya tun daga farko. Ranar 8 ga Fabrairu kotu ta ba da umarnin a dakata da wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi. Ranar 16 ga wata Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 ce kawai za ta ci gaba da yawo, a ranar kuma El-Rufa'i ya fito ya ce wa mutanen Kaduna su ci gaba da amfani da tsofaffin kuɗinsu duka. Talaka ya rasa maganar wa zai kama. Ranar 3 ga Maris alƙalai bakwai suka yanke cewa tsofaffin 200 da 500 da 1000 halastattu ne har ƙarshen shekara, suka kuma soki ƙin bin umarninsu na farko, amma sai da aka ƙara kwana goma kafin babban banki ya fito ya ce wa bankuna su bi. Sashe na 287 yana nan a rubuce duk tsawon wannan lokaci, ya ce kowace hukuma da kowane mutum dole ya zartar da hukuncin Kotun Ƙoli. Haka aka yi da kuɗin ƙananan hukumomin Legas, kotu ta ce a 2004 shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe su, ba a saki ragowar ba sai da 'Yar'aduwa ya hau a 2007.

Kar kuma ka ɗauka a Amurka kullum ana cewa mun ji mun bi, in ka rubuta haka malaminka zai kama ka. A 1832 jihar Georgia ta yi biris da hukuncin da ya kare ƙabilar Cherokee, daga baya ma aka kore su daga ƙasarsu. Da kotu ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe a 1954 jihohin kudu sun yi shekaru suna turjiya, sai da shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock a 1957 suka raka yara baƙaƙe tara cikin makaranta. Amma ka dubi 1974, kotu ta ce shugaba Nixon ya miƙa faifan maganganun da aka naɗa a ofishinsa, ya san su za su kashe shi a siyasa, ya miƙa, kwana 16 bayan hukuncin ya sauka daga mulki. Al Gore ma washegarin hukunci ya fito ya ce bai yarda da shi ba amma ya karɓa.

Yadda za ka auna wannan a aikace shi ne ka zaɓi hukunci uku ko huɗu a kowace ƙasa waɗanda gwamnati mai ci ce ta sha kaye, ba ɗan adawa ba, domin hukuncin da ya yi wa mai mulki daɗi ba ya gwada komai. Kowanne ka rubuta ranar da aka yanke shi, ranar da aka fara aiki da shi, da kuma wanda ya tilasta aka bi, shugaban ƙasa ne, ko majalisa, ko matsin jama'a, ko sai da gwamnati ta sauya. Akwai ma wanda za ka iya bibiya da ƙafarka, hukuncin 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba, ya kuma haramta kantomomin riƙo. An yi watanni bayan hukuncin ana ta rahoton cewa turawar kai tsayen ba ta kankama ba. Muna da ƙananan hukumomi 23 a jihar nan, ka shiga sakatariyar taku, ko Igabi ce ko Chikun ko Kaduna ta Arewa, ka samu wani a sashen kuɗi ka tambaye shi cikin ladabi ta wane asusu kason wata yake shigowa yanzu, ka rubuta amsar da ranar da ka yi tambayar.